Amsa kan mutuwar Thelma Todd

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau ake shakkar sakamakon binciken mutuwar jarumar fina-finan Amurka Thelma Todd. An tsinci gawarta cikin motarta a gareji a Los Anjalas ranar 16 ga Disamba 1935, tana da shekara 29, kuma hukuma ta ce hayaƙin mota ne ya kashe ta bisa tsautsayi. Sai dai a lokacin cin hanci ya yi wa 'yan sandan birnin katutu, har ta kai an ɗaure kyaftin Earl Kynette kan dasa bam a motar wani mai binciken cin hanci a 1938, shekarar da jama'a suka tsige magajin gari Frank Shaw. A ganina wannan bai tabbatar da cewa kashe ta aka yi ba, amma ya isa ya hana mutane amincewa da rahoton.