Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: hukuncin babban da ya karya dokar annoba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. A shekarar korona an rufe masallatai, an hana taro. A unguwarmu an watsa jam'in salla, an tafi da wasu samari. Ba a yi mako ba wani babba ya aurar da ɗiyarsa, motoci suka cika layi, masu tsaro suna gadin ƙofa. Har yau abin yana ci mini rai. Mene ne hukuncin irin waɗannan? Ya halatta mu kira su munafukai? In wata annoba ta zo, dole ne mu bi dokar da masu kafa ta ba su bi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ɓacin ranka yana bisa gaskiya, amma sai mu fara da ita kanta dokar. Taƙaita zirga-zirga saboda annoba yana da asali a shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudunta. Da wannan hadisi Sayyidina Umar ya juya daga Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, bai shiga Sham ba, bayan Abdurrahman bin Auf ya sanar da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halil mai littafin Muhtasar ya lissafa kuturta da rashin lafiya da jinya cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i. Saboda haka lokacin da aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, hukuma tana da hurumin ɗaukar mataki, muddin likitoci amintattu sun tabbatar da haɗarin, matakin bai wuce gwargwadon larura ba, kuma za a ɗage shi da zarar larurar ta kau, kamar yadda aka sake buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. Akwai kuma sharaɗin da tambayarka take kansa: dokar ta hau kowa.

Shugaba ko na kusa da shi da ya hana talaka sahu, shi kuma ya tara ɗaruruwa a tsakar gidansa, ya aikata haramun, kuma laifinsa ya fi na talakan da ya karya dokar nauyi. Shi ya fi kowa sanin haɗarin, don a teburinsa rahoton likitoci yake sauka. Amana ce a wuyansa ya ci. Allah Ya zargi Bani Isra'ila a Baƙara aya ta 44 da umartar mutane da alheri suna manta kawunansu, a Suratus Saffi aya ta 2 da ta 3 kuma Ya ce babban abin ƙi ne a wurinSa mutum ya faɗi abin da ba ya aikatawa. Da Usama bin Zaid ya nemi a sassauta wa wata mata ƴar ƙabilar Banu Mahzum da ta yi sata, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne in mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Sayyidina Umar kuwa, in ya hana jama'a wani abu, sai ya tara iyalansa ya gargaɗe su cewa idon mutane yana kansu, kuma duk wanda ya saɓa a cikinsu zai ninka masa horo saboda kusancinsa da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya a gidan biki ba. Cutar korona tana bin tari da atishawa da magana a kusa, mutum yana iya ɗauke da ita har kwana 14 kafin ta bayyana, ya koma gida ya shafa wa tsohuwar mahaifiyarsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne mutuwar yarda. Wanda ya ga bikin babba zai ce cutar ƙarya ce, ya ɓoye marar lafiyarsa, ya guje wa asibiti, in masu rigakafi sun zo ya rufe ƙofa. Gobe in amai da gudawa ya ɓarke da damina, ko sanƙarau lokacin zafi, ma'aikacin lafiya zai yi ta shela babu mai saurare. Wanda ya jawo wannan yana da kamasho a zunubinsa.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A Abuja, ranar 18 ga Afrilu 2020, jama'a sun yi cincirindo a jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban Najeriya a lokacin, Allah Ya jiƙansa, alhali an hana taro, har kwamitin yaƙi da cutar ya fito ya ba da haƙuri. A Ingila ƴan sanda sun ci firaminista na lokacin Boris Johnson tara a 2022 saboda taron da aka yi a fadarsa lokacin kulle. Neman afuwa a bainar jama'a da biyan tara su ne mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kan irinsu.

Wasu sukan kafa hujja da hadisin Abu Dawud mai umarni da a yafe wa masu mutunci tuntuɓensu in ba haddi ba ne. Imam Shafi'i ya fassara su da mutanen da ba a san su da sharri ba, ɗayansu ya zame sau ɗaya. Wanda ya buga katin gayyata, ya kafa rumfa, ya yanka shanu, bai yi tuntuɓe ba, shiri ya yi. Kuma hadisin bai zubar da haƙƙin waɗanda aka cutar ba. Sai dai a bambanta wannan da izini na gaskiya. Likita da direban motar abinci da jami'in da aikinsa ya fitar da shi cikin dare ba su karya doka ba, in an sanar da keɓewar tun farko kuma duk mai irin aikin yana samunta. Takardar da ake bai wa wane don shi wane ne ita ce haramun, ga mai bayarwa da mai karɓa.

Game da kai kuwa, saɓonsu bai sauke maka dokar ba. Dalilinta kare rayuka ne, kuma haɗarin yana nan ko sun bi ko ba su bi ba. Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) game da shugabannin da suke neman haƙƙinsu suna hana na jama'a, ya ce a ji a yi ɗa'a, abin da aka ɗora musu yana kansu, abin da aka ɗora muku yana kanku. A Muwaɗɗa akwai labarin wata mace mai kuturta da Umar ya gani tana ɗawafi, ya ce ta zauna a gida kada ta cutar da mutane. Bayan rasuwarsa aka ce mata wanda ya hana ki ya mutu, ki fito, ta ce ba za ta bi shi yana raye ta saɓa masa yana matacce ba. Wanda ya yi salla a gida da iyalinsa saboda wannan uzuri sallarsa ta inganta, Azahar raka'a huɗu ta tsaya masa a madadin Juma'a, kuma ana fata masa ladan abin da ya saba.

Kalmar munafuki a yi hattara da ita. Aikinsu yana cikin munafuncin aiki, wato saɓa alkawari da cin amana, kuma babban zunubi ne, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Munafuncin zuciya Allah kaɗai Ya san mai shi. Ka ce wane ya karya dokar da ya kafa, ya yi zalunci; wannan ya halatta, musamman ga wanda aka zalunta, bisa Nisa'i aya ta 148. Amma sai ka tabbatar, don sau da yawa hoton da yake yawo a WhatsApp na tsohon biki ne, kuma Hujurati aya ta 6 ta wajabta bincike. Bayan tabbatarwa a kai kuka ta hannun mai unguwa da limamai da masu sarauta, a rubuta wa hukuma da rana da wuri da shaidu, malamai su faɗi hukuncin a mimbari ba tare da zagi ba. Ƙona tayoyi da jifan masu tsaro da fasa kayan jama'a haramun ne, kuma talaka ne yake biyan kuɗinsu.

Jami'in da aka tura aiki ba ya halatta ya daki mai tebur ya sara wa mai mota, kuma kuɗin da ya karɓa don ya kau da kai rashawa ce. Shi kuma babban, tubarsa tana buƙatar ya amsa laifinsa a fili tun da a fili ya yi shi, ya ɗauki hukuncin da aka yanke wa kowa, ya nemi yafewar waɗanda aka tsare a kan abin da shi ya aikata, ya kuma ɗauki nauyin jinyar wanda aka tabbatar ya kamu a taronsa.

Allah ne Mafi sani.