Tambaya da Amsa: Me ke jan manyan kamfanoni zuwa Singafo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, ina harkar riɗi da zoɓo. Na lura cewa Olam, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke sayen riɗi a wajenmu, hedikwatarsa tana Singafo, kuma an ce mini ƙasar nan gaba ɗayanta birni guda ne, ba gona ba rijiyar mai. Mene ne ke jan kamfanoni da masu zuba jari zuwa can, alhali ga manyan ƙasashe kewaye da ita? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, domin faɗin Singafo bai kai murabba'in kilomita 750 ba, wato bai kai rubu'in jihar Legas ba, mutanenta kuma wajen miliyan 6 ne. Shi kansa Olam a nan Najeriya aka kafa shi a 1989 da fitar da ƙwallon yazawa, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya tare a can. Kamfanin Tolaram ma, wanda ke da hannu a taliyar Indomie da tashar jiragen ruwa ta Lekki, can ne mazauninsa.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, bari in kwatanta maka da abin da ka sani. A zamanin fatauci, baƙon da ya shigo gari da kaya wajen fatoma yake sauka. Fatoma bai noma goro ba, bai haƙo kanwa ba, amma shi ke ba da masauki, ya adana kaya, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya kuma tsaya wa baƙo idan an karɓi kayansa bashi. Jarinsa biyu ne: gidansa yana bakin hanya, kuma an yarda da amanarsa. Wannan sana'a ce Singafo ta riƙe wa nahiyar Asiya.

Zamanta a bakin hanya baiwa ce daga Allah. Tsibirin yana bakin mashigin Malaka, inda jiragen ruwan da suka fito daga tekun Indiya ke ratsawa zuwa Sin da Japan da Koriya, har da masu dakon ɗanyen mai daga ƙasashen Larabawa. Wannan ne Stamford Raffles ya hango da ya kafa wa Turawan Ingila zangon ciniki a wurin a 1819, ya kuma ce ba za a karɓi kuɗin fito ba. A yau tashar jiragen ruwan Singafo ita ce ta biyu a duniya wajen yawan kwantena, bayan ta Shanghai, kuma mafi yawan kwantenonin ba sa ma shiga gari. Katafaren jirgi zai sauke kwantena a bakin tasha, a ɗaga ta a ɗora wa ƙaramin jirgi mai zuwa Jakarta ko Bangkok, ta wuce ba a ko taɓa hatiminta ba, amma an biya kuɗin sauke kaya, an biya inshora, jirgin kuma ya sha mai kafin ya tashi. Babu tashar da ta kai ta sayar wa jiragen ruwa mai, duk da cewa ɗanyen man shigo da shi ake yi a tace a tsibirin Jurong.

Sai dai Malesiya da Indunusiya ma suna bakin wannan ruwa, saboda haka hanya kaɗai ba ta isa hujja ba. A ganina, inda Singafo ta yi musu fintinkau shi ne amana. Lokacin da ta rabu da Malesiya a ranar 9 ga Agusta 1965, ba ta da kasuwar cikin gida da za ta dogara da ita, sai gwamnatin firaministanta Lee Kuan Yew ta fahimci cewa baƙon da aka cuta sau ɗaya ba zai sake sauka ba. An ƙarfafa hukumar yaƙi da cin hanci da aka gada daga Turawa tun 1952, kuma har yanzu tana da haƙora, domin a 2024 kotu ta ɗaure tsohon ministan sufuri shekara guda kan karɓar kyaututtuka. Dokar kasuwancinsu daga ta Ingila ta samo asali, da Ingilishi ake aikin gwamnati da shari'a, kuma tun 1991 suna da cibiyar sasanta rikicin kasuwanci wadda kamfanonin Indiya da na Sin kan amince su kai ƙararsu, don kowannensu ba ya son a yi masa hukunci a gidan abokin hamayyarsa. Tun 1978 aka cire takunkumi kan shiga da fitar kuɗin waje, harajin kamfanoni kashi 17 cikin ɗari ne, kuma ba a karɓar haraji kan ribar da mutum ya samu idan darajar jarinsa ta tashi. Duk wanda ya taɓa jiran dala wata da watanni kafin ya biya kuɗin kaya ya san nauyin wannan magana.

A nan ne ƙanƙantar ƙasar ta zama alheri. Gwamnati hawa ɗaya ce, babu tarayya babu jiha, balle a samu masu karɓar haraji uku a kan mota guda. Hukumar bunƙasa tattalin arziki da aka kafa a 1961 ita ke tarbar mai zuba jari, ta haɗa shi da fili da wuta da ma'aikata, kuma da wannan tsari aka mayar da fadamar Jurong unguwar masana'antu. Daga filin jirgin saman Changi kuwa, manajan kamfani zai iya zuwa taro a Kuala Lumpur ko Jakarta da safe ya dawo ya kwana a gidansa.

Ba zan ɓoye maka tsadar abin ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinsu daga waje yake zuwa, wani ɓangare na ruwan shansu kuma daga jihar Johor ta Malesiya ake janyo shi, bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061. Hayar ofis da ta gida na da tsada ƙwarai, shi ya sa kamfanoni da yawa ke ajiye hedikwata a can su kai masana'anta ƙasashen maƙwabta. Jam'iyya ɗaya ce kuma ke mulki tun 1959, kuma fagen adawa da na 'yan jarida a ƙuntace yake.

Shawarata gare ka, Alhaji, idan Allah ya kai ka ga fitar da riɗi kai tsaye zuwa Asiya, ka sa lauyanka ya duba sakin layin kwangila da ya faɗi inda za a warware saɓani. Idan ka ga an rubuta Singafo, kada ka tsorata, domin Najeriya da Singafo duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ake iya zartar da hukuncin sasanci na wata ƙasa a wata. Amma ka tambayi kuɗin shigar da ƙara da na lauyoyin can tun kafin ka sa hannu, ka auna su da darajar kayan da za ka loda.