Furen okid a Garwa: a taɓa jarin atamfa ko a bari?

Wata Hajiya mai shagon atamfa a kasuwar Garwa ta aiko da tambaya. Tana da tukwane shida na ƙananan furannin okid a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gidanta, kuma matan da ke zuwa suna yawan tambaya ko na sayarwa ne. Tana so ta ciri sefa 400,000 daga jarin shago ta saro okid ɗari biyu daga Duwala.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki bar jarin atamfa inda yake.

Atamfa tana juyawa: ki saro, ki sayar kafin sallah, ki sake sarowa. Turmin da bai shiga ba yana nan a kanta yana jiran wata kasuwar. Okid kuwa, idan ƙaramin tsiro kika saya, yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya yi furen farko, alhali mai saye fure yake nema, ba ganye ba. Duk tsawon lokacin kuɗinki na kwance, kuma kwana biyu na sakaci ya isa ya kashe shi.

Ga kuma garin da kike. Garwa tana kwarin kogin Binuwai, a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, bayan hunturu ya riga ya busar da komai. Ƙananan okid sun fi manya saurin bushewa domin ba su da wurin ajiye ruwa sosai. Naki shida sun rayu ne saboda idonki na kansu safe da yamma. Ɗari biyu sai da ragar inuwa, da fesa ruwa kullum, da yaron da za ki biya, da tanadin ruwan sama, tunda ruwan rijiya mai kanwa yana ƙona saiwarsu. Da a Ngaundere kike, kan tudun da ya wuce mita 1,000, da na sassauta.

Ki kuma sani, duk dangin okid suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru ta shiga. Kafin ki biya kuɗin wanda aka shigo da shi daga Tailan ko Holan, ki nemi ganin takardunsa. Masu ɓamɓaro Ansellia, okid mai ɗige-ɗigen nan irin na damisa, daga jikin itatuwan daji, kada ki saya a hannunsu ko da sun karya farashi.

Abin da zan yarda da shi: ki ware kamar sefa 30,000 daga riba, ban da uwar kuɗi. Ki ƙaro okid irin Dendrobium kaɗan, ya fi irin Phalaenopsis jure zafi, ki dasa cikin gawayi da fasassun bulo, kada ki sa ƙasa. Idan ya yi 'ya'ya ki raba ki sayar. Matan da ke yabawa kuma, ki nemi su ba da kafin alƙalami. A nan za ki gane masu saye da masu kallo.

In kuɗin fure kike so da gaske, ki duba furen kariya. Ta ƙasarmu ce, tana son rana, ba ta shan ruwa da yawa, ana dasa reshenta ya kama, kuma masu sabbin gidaje da otal suna nemanta. Sai dai ruwan jikinta guba ne, ki nisanta ta daga yara da awaki.