Tambayi Likita: Wai Kare Yana Jin Daɗin Runguma Kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk akan kare suka zo, sai na haɗa su wuri ɗaya.

Wani matashi daga Jos: Likita barka da aiki. Ina da kare ɗan wata takwas, irin na 'yan sandan nan. In na dawo gida kamar zai tashi sama dan murna, amma dana rungume shi sai ya kau da kai yana lasar baki yana hamma. Baya sona ne ko bashi da lafiya?

Ɗan uwa karenka lafiyarshi ƙalau kuma yana sonka, rungumar ce bata mishi. Mu mutane in muna son mutum janyo shi muke jikinmu, shi kuwa kare dabba ce da in abu ya dame ta ƙafarta ce mafita, gudu take, to ka zo ka zagaye mishi wuya da hannu biyu ka matse, ka toshe mishi hanyar fita kenan. Kuma a tsakaninsu su karnuka, ɗaya ya ɗora ƙafa ko kai a kafaɗar ɗaya sau da yawa nuna isa ne.

Wannan hammar da kake gani ba barci yake ji ba, lasar bakin ma ba yunwa bace, magana yake maka. Nan gaba ka lura da kunnenshi zaka ga ya kwantar da su baya, ya juya fuska har farin idonshi ya fito ta gefe, wani lokacin jikin gaba ɗaya ya ƙandare. A 2016 wani farfesa a Kanada, Stanley Coren, ya tattara hotuna 250 daga intanet na mutane rungume da karnukansu, ya samu kusan 8 cikin kowane 10 na karnukan suna nuna aƙalla alama ɗaya ta takura. Ba wani bincike bane mai zurfi, hotuna kawai ya duba, amma yayi daidai da abinda masu aiki da karnuka suke gani kullum. Akwai karen da ya saba tun yana kwikwiyo har yana jin daɗin abin, akwai mai haƙuri ya jure saboda kai ne, naka dai ya faɗa maka inda ya tsaya.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka sosa mishi ƙirji ko gefen wuya na ɗan lokaci kaɗan sai ka janye hannu. In ya matso ya tura maka kai yana so, ka ci gaba. In ya tashi ya bar wurin ka ƙyale shi. Fita yawo dashi da yamma da wasan jefa mishi abu ya ɗauko sun fi mishi runguma sau nawa.

Wata uwa daga Kaduna: Likita maigida ne ya kawo kare saboda gadi, yanzu yarinyata 'yar shekara 4 kullum tana maƙale a wuyanshi tana mishi kis wai haka ta gani a TikTok. Shi babanta cewa yake karen bai taɓa cizon kowa ba in daina damuwa, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Maman yarinya hankalinki gaskiya ya faɗa miki, dan Allah a raba ta da wannan wasan daga yau. Maganar bai taɓa cizo ba bata isa hujja ba, dan yawancin yaran da kare ke ciza ba karen titi bane ke cizonsu, karen gida ne ko na maƙwabta wanda suka sani ya sansu. Kuma ki duba tsayin yarinya 'yar shekara 4, in ta rungume shi fuskarta daidai bakinshi take, shi yasa ƙananan yara a fuska da wuya da kai ake cizonsu. Babba a hannu ko ƙafa abin ke tsayawa. Ciwon leɓe ko fatar ido a fuskar yarinya wallahi ba ƙaramin abu bane, tabon har girmanta.

Ita yarinya bata san karatun fuskar kare ba, in taga haƙoranshi a waje ma zata iya ɗauka dariya yake. Kaɗa jela shima ba kullum yake nufin murna ba, kare na iya kaɗa jela a ƙandare yana daf da kai hari. Su waɗancan bidiyoyin da ake gani ai masu kyaun ake ɗorawa, wanda ya ƙare a asibiti ba a ɗora shi.

Ki koya mata kar ta je wurinshi in yana cin abinci, ko yana barci, ko yana ɗaure, in macece kuma ta haihu to ko kusa da 'ya'yan kar ta je. In zata taɓa shi ki kasance a tsaye a wurin, hannu ɗaya a gefen jikinshi, banda fuska banda hawa bayanshi banda jan kunne. Sannan ki faɗa wa maigida, in karen yayi gurnani kar a dake shi. Gurnanin gargaɗi ne, in aka hana shi da duka to wata rana zai tsallake gargaɗin ya tafi ga cizo kai tsaye. A janye yarinyar kawai. Kuma ku tabbatar an mishi allurar haukan kare, daga wata 3 ake farawa ana sabuntawa duk shekara.

Wani dattijo daga Katsina: Jikana ne ya rungumi karen maƙwabta sai ya kafta mishi haƙori a kumatu, jinin kaɗan ne ma. An ce a samo gashin karen a ƙona a shafa, mun yi. Yau kwana 3, ciwon ya fara bushewa. Akwai wani abu da ya rage?

Baba ku yi haƙuri, ku ajiye duk abinda kuke yi ku kai yaron nan asibiti yau ɗin nan, kar a jira gobe. Bushewar ciwo a waje bata nuna komai, ƙwayar cutar haukan kare a yawun kare take, in ta shiga jiki jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma cizon kumatu tafiyar gajera ce. Yawanci wata 2 zuwa 3 take yi kafin ta bayyana, tana iya fitowa cikin sati ɗaya, tana iya kaiwa shekara. Ranar da alamu suka fito, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan babu mai tashi. Kafin nan kuwa allura na tare ta tsaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin yana min ciwo saboda allurar nan tun 1885 aka fara ta.

Tokar gashi bata kashe ƙwayar nan, sai dai ta ƙara wa ciwon datti. Abinda ake yi a take shine wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15 cikakku, ko yanzu ma ku wanke kafin ku fita. A asibiti za a fara mishi allurar a ranar, a sake a rana ta 3 da ta 7, sauran kuma yadda likitan ya rubuta, kar a tsallake ko ɗaya ko da kuɗin sun yi nauyi. Tunda a fuska ne kuma jini ya fito ku tambaya a duba batun ɗayar allurar da ake yi a cikin ciwon kanshi, da ta tetanus. Karen kuma kar a kashe shi, a ɗaure a sa mishi ido kwana 10, ku tambayi mai shi ko yana da katin allura. Amma fara wa yaron allura baya jiran wannan kwana goman.

Wata ɗaliba daga Abuja: Kwikwiyona yana lasar fuskata kuma a gadona yake kwana, yanzu wani zagaye ya fito min a wuya yana ƙaiƙayi.

Ƙanwata wannan yayi kama da makero, kuma kwikwiyo na saka wa mutum shi sosai. Ki je a duba a baki man shafawa na makero, ki guji man haɗi da ake sayarwa mai sa fata haske dan yana ƙara yaɗa shi. Shima kwikwiyon a kai shi wurin likitan dabbobi, ki duba jikinshi ko akwai inda gashi ya zube, in ba a yi mishi magani ba zai sake saka miki. A bashi na tsutsar ciki a cire mishi kaska da ƙuma. Batun hukuncin yawun kare a addini wannan na malamai ne, ni ta fannin lafiya nake cewa kar ki bari ya lashi bakinki ko idonki ko inda kike da ciwo, ki ware mishi wurin kwanciyarshi daban, zanin gadon kuma ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana.