Hoto bai nuna komai ba, amma bayan Baba na ciwo

Tambaya: Likita, mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya daɗe yana fama da ciwon baya. An ɗauki hoto ba a ga komai ba, sai aka ce a koya masa sauya tunaninsa game da ciwon. Ya fusata, wai an mai da shi maƙaryaci. Da gaske tunani na maganin ciwo?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki fara kwantar masa da hankali, ciwonsa na gaske ne. Kowane zafi da mutum ke ji, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi daga saƙon da jijiyoyi suka kai mata. Idan ciwo ya wuce wata 3, sau da yawa raunin ya warke amma ƙwaƙwalwar ba ta saki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka take yi da Baba: da ya sunkuya zai ɗauki fartanya, sai ta ce ga haɗari, ciwo ya taso, tsoro ya ƙaru, ya koma tabarma, bayan ya ƙara sanƙarewa.

Wannan tsoron ne horon sauya tunanin yake nema ya warware. A 2021 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi masa a kan mutum 151 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan mako 4, kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka horar sun rabu da ciwon ko saura kaɗan, alhali a cikin masu magani yadda aka saba kashi 10 ne kawai. Hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna sassan da ke zuzuta zafi sun lafa. Sai dai ciwon mutanen matsakaici ne, don haka ba zan yi miki alkawarin kowa zai dace haka ba.

Aikin ba wuya, naci yake so. Ya sunkuya kaɗan, ya saki numfashi a hankali, ya lura da zafin ba tare da firgita ba, yana tuna wa kansa cewa bayansa ba karyewa zai yi ba. Ya fara da taku zuwa masallaci, ana ƙara nisa kowane mako, ko da ranar da ya ji sauƙi kada ya ɗauki noman wuni guda. Don Allah ku daina ce masa "kwanta, kar ka motsa". Tausayi ne, na sani, amma yana ciyar da tsoron. Tramadol da diclofenac na kemis kuma a bar su sai da izinin likita, na farkon yana kama jiki, na biyun yana cin ciki da ƙoda.

Kafin duk wannan, in akwai rama, zazzaɓi, gumin dare, mutuwar ƙafa ko fitsari na kufce masa, ba maganar horo ba ce. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma hoton farko kan iya rasa shi. Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Rasheed Shekoni a Dutse ba tare da jinkiri ba.