Zunubina zai hana ni cin Jibin Ubangiji?

Tambaya: Malam, wata shida ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba. Duk sa'ad da aka karanta cewa wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake jawo wa kansa, sai gabana ya faɗi, don na san abin da ke zuciyata. In ci gaba da ƙauracewa har sai na tsarkaka?

Amsa: Ɗan'uwana, ban raina wannan tsoro naka ba, alama ce zuciyarka na da rai. Amma mu koma inda maganar ta fito, 1 Korantiyawa 11:17-34. Manzo Bulus yana tsawata wa ikkilisiyar Koranti ne kan yadda suke cin jibin, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa tare don tunawa da mutuwar Yesu. Masu hali su riga kowa ci, har wani ya bugu, matalauci kuwa ya tashi da yunwa da kunya. Rashin cancantar da yake nufi ke nan: mutum ya miƙa hannu ga jikin Almasihu alhali yana wulaƙanta ɗan'uwansa, wanda shi ma gaɓa ne a jikin nan.

Da jibin na marasa zunubi ne, da babu almajirin da zai zauna a teburin a daren da Yesu ya kafa shi. Bitrus yana wurin, kuma kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Yesu ya san haka, duk da haka ya ba shi ƙoƙon, ya ce jininsa ne da ake zubarwa domin gafarar zunubai, kamar yadda yake a Matiyu 26:28. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai duk lokacin da na karanta shi.

Hukuncin kam gaskiya ne, ba zan sassauta maka shi ba. Wanda ya riƙe zunubinsa da gangan, ba shi da niyyar tuba, ya zo ya ci, wasa da wuta yake yi. Sai dai 1 Korantiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci.

To, auna kanka a wannan mako. Ka furta zunubin ga Allah, kada ka ɓoye kome, 1 Yohanna 1:9 ta ce shi mai aminci ne, zai gafarta. In akwai wanda ka cuta, nemi sulhu da shi tukuna. In kai Katolika ne kuma zunubin babba ne, koyarwar Ikkilisiya ita ce ka je ikirari wurin Fada kafin ka karɓa. In ba haka ba, samu fastonka ku zauna ku yi addu'a. Bayan haka, ranar da aka shirya teburin, tashi ka je.