Aure ya kawo ni jihar nan, shin zan iya tsayawa takara?

Tambaya: Barista, ni haifaffiyar Katsina ce, shekarata 16 da aure a Zariya. Ina neman kujerar majalisar jiha, amma 'yan jam'iyyarmu sun ce ni ba 'yar asalin jihar ba ce. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini takardar shaidar asali. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, amma kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 sharuɗɗa huɗu ya gindaya: ki zama 'yar Najeriya, ki kai shekara 25 (gyaran 2018 ne ya rage daga 30), ki yi karatu har matakin sakandare, sannan jam'iyya ta tsayar da ke. Babu asalin jiha a ciki. Sashe na 42 kuma ya haramta nuna bambanci saboda jinsi ko garin asali.

Wannan jita-jitar ta ishe ni. Kusan kullum sai mace ta shigo ofishina riƙe da fayil, ido ya yi ja, an ce mata ta koma garin ubanta. Masu faɗa suna kafa hujja da ƙudirin da majalisar tarayya ta yi watsi da shi a Maris 2022, wanda ya so bai wa matar aure asalin jihar mijinta bayan shekara 5. Asali yana aiki ne wajen rabon muƙaman naɗi. Zaɓe kuwa ƙuri'a ce ke yanke hukunci. Grace Bent, 'yar asalin Osun, ta wakilci Adamawa ta Kudu a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2011. A garin da kike zaune ma, Gambo Sawaba mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, amma ita ta ja ragamar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri a kan matan Arewa su samu ƙuri'ar da ba su samu ba sai 1976.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardar bogin nan. Sashe na 107 ya ce duk wanda ya miƙa wa INEC jabun takarda ya rasa cancanta. Wato takardar da doka ba ta nema ba, ita za ta kayar da ke. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsuwa, saboda takardun mataimakinsa. Kuma sau da yawa wanda ya buga miki takardar shi ne zai kai wa abokin hamayyarki kwafi.

Idan kwamitin tantancewa ya hana ki, ki ce su ba ki dalilin a rubuce, ki kai wa lauya a ranar. Kwana 14 kacal doka ta ba ki na shigar da ƙarar da ta shafi kafin zaɓe.